Setin kayan tafiya da aka ɗinka mini a Kano na je da shi Zanzibar, ga abin da na gani

Kafin mu tafi hutu Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, na sa aka ɗinka mini setin kayan tafiya na mai sutura, na kuma ce zan yi bayani a kai idan Allah ya dawo da mu lafiya. Toh mun dawo Alhamdulillah, kayan sun sha wanki sun sha rana sun sha ruwan gishiri, yanzu ne zan iya faɗin gaskiyar abin da na gani ba wai zumuɗin sabon kaya ba. Seti ne mai kyau kuma ban yi da na sanin kuɗina ba ko kaɗan, amma akwai abubuwa a ciki da ba zan so wata 'yar uwa ta biya kuɗinta ta karɓa yadda aka ba ni ba, musamman kayan shiga ruwan, zan zo kansu.

Wata baiwar Allah ce a nan Kano take ɗinkawa, a gida take aiki da yaranta na ɗinki, a status ɗin WhatsApp na fara ganin tallan. Ita take zuwa kasuwar Kwari da kanta ta zaɓo yadin, ke dai ki faɗa mata inda za ki da lokacin da za ki, ta auna ki, shikenan. Abin da ke cikin nawa: buɗaɗɗiyar abaya guda biyu, ɗaya baƙa ta yadin nida ɗaya ruwan ƙasa ta kiref, sai dogayen rigunan ciki guda uku na biskos, wani yadi mai laushi kusan kamar auduga, wando mai faɗi guda biyu, mayafai huɗu, dogon hijabi ɗaya, hular ciki biyu, kayan wanka a teku, sai ƙananan jakunkuna masu zif da ake shirya kayan a ciki da wata jakar yadi ta kayan wanki. Kuɗin kam ba araha ba ne, ki ƙiyasta kamar kin sayi turmi biyu na atamfa mai kyau kin kai ɗinki wajen tela mai tsada, kusan haka. Da farko na ɗan ja baya, maigida ne ya ce idan dai zai hana mu jan akwatuna huɗu a titi to a ɗinka.

Wata za ta ce to meye na takura kai, ba jirgi yana ba da kilo ba? Yana bayarwa. Mu Ethiopian muka bi daga Kano zuwa Addis Ababa sannan Zanzibar, tikitinmu akwati biyu ne kowanne kilo 23 ga jakar hannu kilo 7. Matsalar ba a jirgi take ba, a ƙasa take. Tsohon garin da ake ce wa Stone Town lunguna ne 'yan tsukuku, da yawa mota ba ta shiga sam, direba zai sauke ki a bakin titi ya nuna miki da hannu ya ce otal ɗinki yana ciki, ke da kayanki ku san yadda za ku yi. Ga babura da kekuna suna ta ratsawa, ga otal ɗin tsofaffin gidaje ne masu bene, matakala a miƙe kuma wanda muka sauka babu lifta. Sannan ba waje ɗaya ake zama ba, mun kwana a gari mun wuce ƙauyen Nungwi na bakin teku can arewa mun gangaro ƙauyen Paje ta gabas, duk inda za a tashi sai an sake haɗa kaya. Ki ɗauka kina da yara a hannu ga akwatin kilo 23 guda biyu, wallahi hutun ya zama aiki. Ni burina shi ne duk abin da zan saka a jikina ya shiga ƙaramin troli na hannu, babban akwati ɗaya mu haɗa da maigida da yara, rabinsa ma ya tafi babu komai saboda tsaraba.

Kuma a nan ne nake so mu faɗa wa juna gaskiya mu mata. Ana yawan cewa mai sutura ba za ta iya tafiya da kaya kaɗan ba, wai su masu gajeren wando ne kawai ke iya jefa riga uku a jakar baya su kama hanya. Ni ban yarda ba. Sutura ba ta da nauyi, abin da ke da nauyi shi ne irin yadin da muka saba da shi da kuma al'adar nan ta kada a gan ki da kaya ɗaya sau biyu a hoto. Turmin atamfa yadi shida ne, a yi miki riga da siket da ɗankwali a sa masa lainin, a ɗora leshi mai duwatsu, a ɗora shadda da ta sha aiki, kowanne kuma da mayafinsa da takalminsa da jakarsa da sarƙarsa, kala biyar kacal sun cinye akwati. Waɗannan kayan biki ne da suna da zaman gida, suna da kyau a muhallinsu, amma ba su dace da garin da danshi ke sa kaya su manne a jiki ba, kuma kowanne sai an goge shi kafin a fita. Abin da matar nan ta gane, kuma shi ne ainihin abin da kike biya, shi ne ta zaɓi kaloli da duk suna shiga juna. Baƙi, ruwan ƙasa, ruwan madara, ruwan ganye mai duhu, ruwan toka. Duk rigar da kika ɗauka tana tafiya da duk abayar da kika ɗora da duk mayafin da hannunki ya kai, ba sai kin tsaya gaban madubi kina tunanin me zai shiga da me ba, yara na kuka direba na jira.

Kafin mu tashi na ɗora duka setin a ƙaramin sikelin rataye da muke auna kaya, bai kai kilo huɗu ba har da jakunkunan. Na saka baƙar abaya da riga ɗaya da wando ɗaya a jikina ranar tafiya, to kin ga abin da ya rage a troli ya ƙara sauƙi, na samu wajen silifas da ƙananan kaya da caja da magunguna ban haura kilo 7 ba. Ki tuna shi kansa trolin yana da nauyinsa, wasu masu taurin nan babu komai a ciki ma sun kusa kilo uku, kuma girman da aka yarda a shiga da shi cikin jirgi bai wuce santimita 55 da 40 da 23 ba.

Baƙar abayar nida ita na fi saka ran zan fi mora, kuma a hanya ta yi mini rana sosai. Yadin yana da santsi, yana zuba, ba ya yamutsewa ko kin kwana a kujera da shi, kuma sanyin cikin jirgi da na filin jirgin Addis ba wasa ba ne, garin a kan tudu yake sama da mita 2,300, da dare sai kin nemi abin rufa. Na sauka da ita kamar yanzu aka goge. Amma nida roba ce, foliyesta ce zalla, kuma baƙa. Ranar da na saka ta da rana tsaka muka shiga kasuwar Darajani zufa ta dinga bin bayana har cikin takalmi, zafin can ba irin na Kano ba ne da iska ke busar da ke, danshi ne, zufar ba ta bushewa. Daga ranar na mayar da ita ta yamma da dare, idan za mu Forodhani cin abinci a bakin ruwa, a nan kam ta yi daidai don iskar teku na kaɗawa. Wani abin da na yaba, miyarsu da ake ce wa urojo ta ɗiso mini a gaba, na goge da jiƙaƙƙen tishu ko alama ba ta bari ba.

Ta ruwan ƙasan ita ce ta zama ta kullum. Kiref ne mara nauyi, shi ma akwai roba a cikinsa amma saboda a buɗe take kuma ba baƙa ba, iska na shiga. Abu biyu ne a ɗinkin da suka nuna mini matar nan ta san abin da take yi. Na farko aljihu, ta yi mata aljihu biyu masu zurfi a gefe, ɗaya da ɓoyayyen zif, fasfo da katin rigakafin shawara da waya duk suka shige ba tare da sun ja rigar ƙasa ba. Katin nan mai ruwan ɗorawa kada ki sa shi a babban akwati fa, daga Najeriya kika fito za a iya tambayarki shi a filin jirgi, haka ma takardar inshorar da suka wajabta wa baƙi tun watan Oktoban 2024, dala 44 ce ta babban mutum, ki biya ta intanet tun kina gida ki ajiye shaidar a kusa. Na biyu bakin hannu, ta sa siririyar roba a ciki yadda idan za ki yi alwala sai ki tura shi sama ya tsaya da kansa, in kin gama ki sauke ya koma ya rufe har wuyan hannu. Duk wadda ta taɓa alwala a banɗakin filin jirgi da abaya mai faffaɗan hannu tana ta tsoma shi a sink ta san darajar wannan.

Inda ta gaza shi ne tsawo. Ta yanka mini su irin na gayu, suna shafar ƙasa, wanda a kan tayil ɗin gidan biki yana da kyau amma a lungunan da ruwa ke kwanciya da kuma kan yashi, bakin ya dinga kwasar datti yana jiƙewa. Sallah kuma ake yi da kayan nan, hankalina bai kwanta ba sai na dinga wanke bakin kullum. Abayar tafiya a idon sawu ya kamata ta tsaya, ki sa safa idan kina so, ba ta ja ƙasa ba.

Rigunan cikin na biskos su ne zuciyar setin, in da za a ce in zaɓi abu ɗaya in bar saura su zan ɗauka. Yadin yana da sanyi a jiki kusan kamar auduga amma ya fi ta laushi da zubi, yana shan zufa, ba ya riƙe wari irin na roba. Dogon hannu ne, wuyan a rufe, ba su kama jiki ba ba su kuma yi buhu ba. Da su ne tsarin kaya kaɗan yake yiwuwa, domin sirrin ai wanki ne, ki cire da yamma ki wanke a sink da ɗan sabulu, ki naɗe a tawul ki taka ruwan ya fita, ki rataye ƙarƙashin fanka ko a baranda, da safe ta bushe. A Paje da iska ke kaɗawa ko awa uku ba ta kaiwa. A Stone Town da ɗakin ba ya samun iska sosai sai da ta kai washegari da hantsi, shi ya sa uku ne daidai, ɗaya a jiki ɗaya a igiya ɗaya a jaka. Suna ɗan yamutsewa kam, amma tunda abaya na kai babu mai gani, kuma idan kika naɗe su kamar tabarma maimakon ninkewa abin da sauƙi.

Sai dai ta ruwan madarar shara-shara ce. A cikin ɗaki ba za ki gane ba, sai kin tsaya rana na bayanki, ƙafafu duk a bayyane. Allah ya taimake ni na duba a baranda tun kafin in fita, daga nan ban sake saka ta ba sai da wando a ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kayan da ake sayarwa da sunan sutura, ai dalilin sayen kenan. Ko ta yi mata shafi daga ƙugu zuwa ƙasa ko ta bar kala mai haske gaba ɗaya. Sannan biskos yana shiga idan ya sha ruwan farko, mai ruwan ganyen ta ɗage da kusan faɗin yatsu biyu bayan wanki, wanda ke nuna ba a jiƙa yadin kafin a yanka ba. Ni ya zo mini daidai tunda dama sun yi tsawo, amma doguwar mace zai ɓata mata riga.

Wandunan ba ni da abin cewa sai alheri. Akwai ranar da muka shiga ƙaramin jirgin ruwa zuwa tsibirin Changuu inda manyan kunkurun nan suke, babu wata gada da za ki taka, ta cikin ruwa ake bi har gwiwa sannan a ɗaga ƙafa a haura, ga matuƙa maza a tsaye suna miƙo hannu ga iska na ɗaga komai. Da zani ko siket ne da an sha kallo. Da wandon a ciki na tattare riga da abaya na haye abina hankali kwance, kafin mu isa ya bushe.

Mayafai biyu shifon ne biyu auduga mai laushi. Shifon ɗin kyau a hoto kawai, a bakin teku iska ba ta barin sa ya zauna, santsi gare shi, hannunki ɗaya kullum yana kai kina gyara. Na audugar su ne suka yi aiki, suna kama hular ciki su zauna, suna da faɗi har su rufe ƙirji da kafaɗa, ɗaya ma na rufa wa ƙaramar 'yata a jirgi da sanyi ya dame ta. Ta haɗo da 'yan maganaɗisun nan da ake maƙale mayafi da su maimakon fil, sun riƙe auduga da kyau kuma ba sa huda yadi, amma a ajiye su nesa da yara ƙanana, haɗiye su hatsari ne babba. Dogon hijabin kuwa har gwiwa yake, na yadi mara nauyi ba jesi ba, ya naɗe ya koma ɗan dunƙule a jakar hannu. Da shi na yi duk sallolina, da shi nake zurawa idan ma'aikacin otal ya ƙwanƙwasa ƙofa ko zan sauka karin kumallo da sassafe. Da jesi ta yi shi da ya ci rabin kilo shi kaɗai kuma ba zai bushe da wuri ba, nan ma ta yi tunani.

Yanzu kayan ruwa, wanda a kansu ne raina ya ɓaci sosai domin su ne na fi ɗoki. Mu da yawa mun girma ba mu taɓa shiga teku ba, ba don ba ma so ba sai don babu abin da za mu saka mu shiga da mutuncinmu, kullum muna zaune a inuwa muna gadin takalma da wayoyi maza da yara suna ciki. Na ce wannan karon sai na shiga. Abin da ta ɗinka guda uku ne, doguwar riga zuwa gwiwa, wando, da hijabin kai mai haɗe da wuya. Yadin daidai ne, irin na kayan ninƙaya ne mai roba, ba ya shan ruwa ya yi nauyi kuma yana bushewa da wuri. Amma ba ta haɗa rigar da wandon ba. Ina shiga ruwa ya kai ƙirji rigar ta taso sama ta buɗe kamar laima, bayana da cikina a waje a ƙarƙashin ruwa, kuma ruwan Nungwi garai-garai yake ana hango har yashin ƙasa. Haka na tsaya hannu biyu na danne riga, ina za a yi wani wanka. Waɗanda aka yi su don wannan aikin suna da igiya ko maɓalli a ciki da ke ɗaure riga da ƙugun wando, abu ne ɗan ƙarami amma in babu shi kayan ba su da amfani, har ma hatsari ne don yadi na iya rufe miki fuska idan igiyar ruwa ta zo. Da dare na zauna da allura da zare na otal na ɗinka igiyoyi a gefe biyu da gaba da baya daga wani tsohon ribom na 'yata, washegari na shiga lafiya lau, kuma wallahi daɗin da na ji ba zan iya misalta shi ba, ni da yarana a cikin ruwa muna ta dariya. Amma bai kamata a ce mai saye ce za ta ƙarasa aikin da ta biya ba.

Ƙari a kan haka, duk kayan ruwa idan kin fito suna lafewa a jiki, wannan babu telan da zai hana. Sai kin tanadi abin da za ki yafa daga bakin ruwa zuwa ɗaki, kuma babu shi a setin. Ni kanga ce ta cece ni. Zannuwan matan can ne na auduga, biyu-biyu ake sayar da su a haɗe a raba, ɗaya a ɗaura ɗaya a yafa, kowanne da rubutun Swahili a gefen ƙasa, na sayi nawa a Darajani kuma ba tsada. Ki sa a karanta miki rubutun kafin ki biya, wasu addu'a ne wasu habaici. Kanga ɗin nan ta zama mini tawul, ta zama shimfiɗa a kan yashi, ta zama zanin zaman ɗaki, na goya yarinya da ita. A Paje idan ruwa ya janye, don can yana ja da baya sosai har ki yi tafiya mai nisa a kan yashi, za ki ga matan garin da ke noman ciyawar teku zaune cikin ruwa da kangarsu da lulluɓinsu suna aiki, babu wadda ta tuɓe don za ta shiga teku. Shawarata kada ki ɗauko zani daga gida, ki bar wajen ki saya a can.

Dama abin da ya sa na ji daɗin garin kenan, kusan duk mutanen musulmi ne, matan da baƙar abayarsu da suke kira buibui da hijabi, kiran sallah ko ta ina, babu mai yi miki kallon baƙuwar halitta don kin rufe jiki, sau da yawa ma da Swahili ake fara yi mini magana an ɗauka 'yar gari ce. Turawan ne ma ake roƙo su rufe kafaɗa da gwiwa idan sun shigo gari, tun 2021 hukumomin can suka fitar da sanarwa a kan haka.

Jakunkunan zif ɗin suna da zif biyu, ki rufe na farko sannan ki ja na biyu ya matse kayan su zama fale-fale. Suna rage cika, ba sa rage nauyi, kada ganin fili ya ruɗe ki ki ƙara tura kaya sikeli ya kama ki a wajen awon kaya. Amfaninsu na gaske shi ne tsari, riguna nan, mayafai da huluna nan, ƙananan kaya nan, idan aka ce buɗe jaka a wajen bincike ba za a baje miki sirrinki a gaban mutane ba. Zif ɗin matsewar ɗaya ya fara cin yadi tun a hanya, da alama mai araha aka sa. Jakar wankin ta yadi kuwa ta yi amfani fiye da yadda na zata saboda Tanzaniya ta hana ledar zuba kaya tun 1 ga Yunin 2019, irin baƙar ledar da muke ƙunshe takalmi da jiƙaƙƙun kaya ba a so a shigo da ita, wadda aka bari ita ce 'yar ledar nan mai zif ta kayan shafa. Da ta yi wa jakar shafin da ba ya yoyo a ciki da an huta da jiƙaƙƙun kayan ruwa.

Tunda na ambaci kayan shafa, idan da jakar hannu kawai za ki, duk abu mai ruwa kada kwalbarsa ta wuce mil 100, humra da man shafawa da turare duk ki ɗura a ƙananan kwalabe, in kika zo da babbar kwalbar humra ko rabi ce a ciki za a iya karɓewa a wajen bincike. Ni turara kayan na yi sosai da turaren wuta tun a gida kafin in rufe jakunkunan, ƙamshin ya zauna a biskos da audugar har muka dawo, ban ɗauki kasko ko gawayi ba, gawayi ma ba a yarda da shi a jirgi ba. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, cajarki za ta shiga ba sai kin nemi adafta ba.

Ta fannin mu'amala, matar tana da kirki da haƙuri, ta zauna ta tambaye ni wane wata za mu, za a shiga ruwa ko a'a, ina shayarwa ko a'a don ta sa zif a gaban riga. Alƙawari ne dai irin na masu ɗinki, ta ce sati biyu ya zarce, sai ana jibi za mu tashi aka kawo, wanda ya sa babu lokacin gwaji balle gyara, da an kawo da wuri da tsawon abayar da shara-sharar rigar duk an gyara su a gida. Da na dawo na kira ta na ce Hajiya ga fa abin da na gani, ba ta yi musu ba ba ta kuma kawo uzuri ba, ta ce in aiko da su, ta rage tsawon abayoyin ta sa wa rigar shafi ta sa maɓallai a kayan ruwan ta canza zif ɗin, ko sisi ba ta karɓa ba. Ta ce ita kanta ba ta taɓa shiga ruwa da irinsu ba, a hoto ta gani ta kwaikwaya. Na ji daɗin gaskiyar da ta faɗa, amma na ce mata Hajiya don Allah duk wadda kika riga kika sayar wa ki kira ta ta dawo da su a gyara kafin ta je ta ji kunya a bainar jama'a, ta ce in sha Allah za ta yi.

Wadda za ta gari mai zafi da danshi irin Zanzibar ko Mombasa ko Malesiya, setin nan zai yi mata, haka mai zuwa Umra idan aka cire kayan ruwa aka ƙara hijabi ɗaya da safa. Wadda za ta Istanbul ko Landan a watan Disamba kuwa bai ishe ta ba sam, sai ta haɗa da kot da kayan ɗumi na ciki, wannan lissafin daban ne. Kuma ba dole sai wajen wannan matar ba, duk telan da ke da hannu zai iya in kika je Kwari da kanki kika zaɓi yadi. Ki ce masa abaya ta tsaya a idon sawu, aljihu mai zif, roba a bakin hannu, a jiƙa biskos ya bushe kafin a sa almakashi, duk yadi mai haske ki ɗaga shi a rana ki sa hannunki a baya ki gani tun a shagon, mayafi ki yawaita auduga ki rage shifon, baƙar nida guda ɗaya ta isa. Kayan ruwa kuma kada ki karɓa sai kin ga abin da ya ɗaure riga da wando, kuma ki ba da ɗinkin aƙalla wata guda kafin ranar tashi don ki samu ki saka kowanne ki wanke shi sau ɗaya a gida.